Wa ya ɗauke ka aiki? Tambayar farko ta lauyan ma'aikata



Makon jiya, bayan sallar la'asar, wani kawuna ya iske ni gida a nan Madarumfa, ya zauna bisa tabarma, ya daɗe bai ce kome ba. Direba ne. Shekara 11 ya yi yana tuƙa wa wani alhaji babbar mota tsakanin Maraɗi, Ɗan Isa da Jibiya. Wata safiya ya je ɗaukar makulli, sai aka ce masa an ba wani ɗan ƙanen maigida motar. Aka haɗa masa jika 20 da buhun gero, aka yi masa godiya, aka ce Allah ya sa a gama lafiya.

Da ya gama ba ni labari sai ya ce: "Ɗana, kai da ka yi boko, an ce akwai lauyoyin da ba su da wani aiki sai shari'ar ma'aikata. Ina ake samun su?"

Na ce: "Kawu, kafin mu kai ga lauya, akwai wata takarda tsakaninka da Alhaji?"

Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce: "Takarda kuma? Ai tsakanina da Alhaji amana ce."

Wannan amsa ita ta sa na ajiye abin da na yi niyyar rubutawa, na ɗauki batun lauyan ma'aikata: wane ne shi, da me yake aiki, kuma me ya sa mutanenmu da yawa kan faɗi shari'arsu tun ranar da aka ɗauke su aiki, shekaru kafin su taka ƙofar kotu.

A ganin yawancinmu lauya mutum ne mai baƙar riga da kaifin harshe, wanda ke juya alƙali da daɗin baki. Wanda ya taɓa zama a zauren kotun ƙwadago ya san ba haka abin yake ba. Tsayuwa gaban alƙali ita ce ƙaramin kashi na aikin. Babban kashi a ofis ake yin sa, ana tattara takardun albashi, da wasiƙar kora, da takardar likita, da sunayen shaidu, ana lissafin shekaru da watanni. Kuma kafin kome akwai tambayoyi uku da yake yi wa duk wanda ya shigo wurinsa: wa ya ɗauke ka aiki, tun yaushe, kuma me ke nuna haka? Shari'o'i biyu da suka shafi ƙasarmu za su nuna mana nauyin waɗannan tambayoyi.

Ta farko ta wani lauya ce na birnin Paris, Jean-Paul Teissonnière, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana kare ma'aikatan da aiki ya cuce su. Ya yi suna ne a shari'o'in amiyant, wani ma'adini mai zare-zare da ake sa wa a kwanon rufi da bututu domin ba ya cin wuta, amma ƙurarsa kan lalata huhu bayan shekara ashirin ko talatin. Faransa ta hana amfani da shi tun farkon 1997. Shi da wasu lauyoyi suka yi ta kai ƙarar masana'antu ɗaya bayan ɗaya, har ran 28 ga Fabrairu 2002 kotun ƙoli ta Faransa ta kafa ƙa'idar da ta sauya al'amarin: duk ubangidan da ya san haɗarin da ke cikin aiki, ko ya kamata a ce ya sani, bai kuwa ɗauki matakin kare ma'aikacinsa ba, to ya aikata laifin da ba shi da uzuri, kuma sai ya biya diyya mai nauyi. Shi ne kuma ya tsaya wa ɗaya daga ƙungiyoyin ƙwadago a shari'ar kamfanin France Télécom, inda a watan Disamba na 2019 kotu ta sami shugabannin kamfanin da laifin gallaza wa ma'aikata da gangan domin su gaji su bar aiki, bayan da yawa daga cikinsu sun kashe kansu.

To, wannan gwanin lauya ya taɓa ɗaukar shari'ar da ta fito daga ƙasarmu. Wani Bafaranshe ya yi aiki a kamfanin Cominak mai haƙar yuraniyom a Akokan, kusa da Arlit, daga 1978 zuwa 1985. A 2009 ciwon daji na huhu ya kashe shi, iyalinsa suka kai ƙarar Areva, babban kamfanin Faransa mai hannun jari a Cominak. A watan Mayu na 2012 wata kotu a garin Melun ta ba su gaskiya, ta ce Areva ma ubangidansa ne, ta yanke diyyar da ta haura Yuro 200.000, wato sama da sefa miliyan 130. Areva ya ɗaukaka ƙara. A watan Oktoba na 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta rushe hukuncin. Hujjarta ita ce, wanda ya sa hannu a takardar ɗaukar mamacin aiki Cominak ne, kamfanin da aka kafa bisa dokar Nijar, saboda haka ba za a kama Areva a matsayin ubangida ba. A farkon 2015 kotun ƙoli ta tabbatar da wannan. Lauyan da ya kayar da manyan masana'antu ya faɗi a kan tambayar farko, domin sunan da ke cikin takarda ba shi ne sunan wanda aka kai ƙara ba. Cominak ya rufe ran 31 ga Maris 2021, ya bar ɗaruruwan ma'aikatansa, da wasu ɗaruruwan da ƙananan ƴan kwangila suka ɗauka, waɗanda su ma wannan tambaya ce ke gabansu.

Shari'a ta biyu a ƙasar Hausa ta faru, a yankin Birnin Ƙonni. A 1996 aka sayar da Hadijatou Mani, tana da shekara 12, a kan sefa 240.000, ta zama wahaya a gidan wani mutum. Ta yi kusan shekara tara tana aikin gida da na gona ba albashi. A 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka, sai a watan Agusta na 2005 ubangidan ya ba ta takardar ƴanci, ya sa hannu, mai gari ma ya sa hannu ya buga hatimi. Amma da ta tashi tafiya sai ya ce ai matarsa ce. Da ta auri wanda take so aka yanke mata ɗaurin wata shida bisa zargin aure kan aure. Wani lauya ɗan ƙasarmu, Abdourahaman Chaibou, tare da goyon bayan ƙungiyar Timidria da wasu ƙungiyoyin waje, ya kai maganar kotun CEDEAO, wadda ta zo ta zauna a Yamai. Ran 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Cikin hujjojin da ba a iya musantawa ba har da takardar ƴancin nan, domin ba a ƴanta wanda ba bawa ba. Mutumin da hannunsa ya rubuta shaidar abin da ya aikata. Ƙofar wannan kotu ta rufe mana tun da Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO a watan Janairu na 2025, saboda haka abin da ya rage wa talaka shi ne kotunan gida.

A shari'ar farko takarda ta kayar da lauya, a ta biyu takarda ta tsayar da shi. Yanzu mu dawo ga kawuna wanda ba shi da ko guda.

Dokar da ke kare shi ba jiya aka yi ta ba. Iyayenmu sun ga aikin dole na zamanin Turawa, har aka soke shi a watan Afrilu na 1946 da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Ran 15 ga Disamba 1952, bayan yaje-yajen aiki a Afirka ta Yamma, Faransa ta kafa dokar ƙwadago ta ƙasashen da take mulka. Nijar ta yi tata a 1962, ta sabunta a 1996, sannan ta zo da doka mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012. Akwai kuma yarjejeniyar 15 ga Disamba 1972 tsakanin iyayen gida da ƙungiyoyin ƙwadago, wadda ke fayyace abubuwa da yawa. A cikinsu aka ƙayyade awa 40 na aiki a mako, da hutun kwana biyu da rabi a kan kowane wata da aka yi aiki, da mako 14 na hutun haihuwa ga mace, da wajabcin yi wa ma'aikaci rajista a asusun CNSS domin fansho da haɗarin aiki. Albashi mafi ƙanƙanta, wanda ya tsaya a kan sefa 30.047 tun 2012, daga baya an ɗaga shi zuwa 42.000.

Abu na farko da lauya zai gaya wa kawuna shi ne rashin takarda bai soke yarjejeniya ba. Duk wanda ke yi wa wani aiki, ƙarƙashin umarninsa, a biya shi lada, ma'aikaci ne a idon doka, ko da baki aka ƙulla maganar. Hasali ma aikin da ba a rubuta masa wa'adi ba ana ɗaukarsa aikin dindindin ne, ba a raba mutum da shi sai da dalili. Idan ba wani babban laifi ya yi ba, mai albashin wata yana da haƙƙin a sanar da shi wata guda kafin a sallame shi, ko a biya shi kuɗin watan. Sannan akwai kuɗin sallama, wanda yarjejeniyar 1972 ta tsara kamar haka: kashi 20 cikin 100 na albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, kashi 30 daga ta shida zuwa ta goma, kashi 35 a kan abin da ya haura goma. Kawuna jika 50 yake karɓa a wata. Shekara biyar na farko sun ba shi jika 50, biyar na biyu jika 75, ta sha ɗaya jika 17 da rabi, jimla sefa 142.500. A ƙara jika 50 na watan sanarwa, ban da kuɗin hutun da bai taɓa ɗauka ba, ban da diyyar da alƙali ke iya yankewa idan ya ga korar ba ta da dalili. Sai mai karatu ya auna wannan da jika 20 da buhun gero.

Amma lissafi a kan takarda daban, tabbatar da shi gaban alƙali daban. Idan Alhaji ya ce shekara uku kawai ya yi masa, ko ya ce ai ba albashi ba ne, kaso yake samu a kan kowace tafiya, nan ne ƙwarewar lauya ke bayyana. Zai nemi takardun duwan da na ƴan sanda masu ɗauke da sunan direba da lambar motar. Zai nemi rasit na kuɗin da aka taɓa aiko masa ta kamfanonin aika kuɗi, da saƙonnin da ke cikin wayarsa. Zai nemi ƴan kamasho da masu lodi na tasha waɗanda suka san shi da motar. Doka ma ta taimaka masa ta wani gefen, domin idan gardama ta tashi a kan an biya albashi ko ba a biya ba, ubangida ne zai kawo littafin biya mai sa hannun ma'aikaci. Sai dai akwai tarko guda da ya kamata kowa ya sani: haƙƙin neman albashin da aka riƙe yana faɗuwa bayan shekara 2. Wanda ya zauna yana jiran Alhaji ya huce, ko yana ta aika dattawa roƙo har damina uku, zai iya zuwa ya iske ƙofa a rufe.

Hanyar da aka saba bi tana farawa ne daga ofishin sufeton ƙwadago, wanda namu na jiha yake Maraɗi. Sufeto zai kira ɓangarorin biyu ya nemi sasanta su. In an daidaita, a rubuta, a sa hannu, magana ta ƙare. In ba a daidaita ba, ya rubuta takardar rashin sulhu, a wuce kotun ƙwadago. A can alƙali ba shi kaɗai yake zama ba, yana tare da mataimaka daga ɓangaren iyayen gida da na ma'aikata, mutanen da suka san yadda aiki yake. Shigar da ƙara a wannan kotu kyauta ne, kuma ba dole ba ne sai da lauya, domin doka ta yarda wakilin ƙungiyar ƙwadago ya tsaya wa mutum. Lauya nagari ma yakan fi son a gama a gaban sufeto, saboda ya san ma'aikacin da aka kora ba ya iya jiran shari'ar shekara biyu da yunwa a gida, alhali mai kuɗi yana iya jira, ya ɗaukaka ƙara, ya sake jira.

A nan ne babbar matsalarmu take. Kafin mutum ya zama lauya sai ya karanci shari'a a jami'a, ya ci jarrabawar shiga sana'ar, ya yi shekaru yana koyo a ofishin wani babban lauya. Waɗanda suka kai ga haka a ƙasarmu ba su da yawa, kuma galibinsu a Yamai suke, tafiyar sama da kilomita 600 daga gare mu, inda bankuna da manyan kamfanoni suke. Ba abin mamaki ba ne, domin kamfani yana biyan lauya duk wata, ma'aikaci kuwa ba ya zuwa sai ranar da aljihunsa ya bushe. Shari'ar jika 200 ba ta biyan kuɗin mota da masauki na lauyan da zai taso daga Yamai sau uku ko huɗu. A 2011 gwamnati ta kafa hukumar ANAJJ domin taimaka wa marasa hali da shawara da kuma lauya, tana da ofisoshi a manyan kotuna, amma mutum nawa ne a Gabi, ko Safo, ko Sarkin Yamma suka taɓa jin sunanta? Ina ganin matasanmu masu karatun shari'a su dubi wannan fage, kuma ƙungiyoyin ƙwadago na jihar Maraɗi su haɗa kuɗi su riƙe lauya guda wanda zai riƙa zuwa a kan lokaci, maimakon kowane ma'aikaci ya fuskanci ubangidansa shi kaɗai.

Buƙatar kuwa ƙaruwa take yi. A watan Nuwamba na 2021 ramin zinariya ya rufta a Garin Liman, cikin ƙaramar hukumar Ɗan Isa, ya kashe aƙalla mutum 18. Yawancin masu shiga irin waɗannan ramuka wani ne ke ba su abinci da kayan aiki a raba abin da aka samu, ba suna a littafi, ba rajista. Iyalin wanda ya mutu a haka, wa za su ce shi ne ubangida? Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, wanda aka tsara ya shigo ƙasarmu ta wajen Jibiya. Irin wannan aiki kan zo da babban kamfani a sama, da ƴan kwangila ƙanana a ƙasa, kuma abin da ya faru a shari'ar Cominak ya isa ya sa kowane matashi ya karanta sunan da ke saman takardarsa kafin ya dangwala hannu.

Alhazaina ƴan kasuwa, kada ku ɗauka da ku nake faɗa. Na san abin da amana ke yi wanda doka ba ta yi. Na san maigidan da ke yi wa yaronsa aure, ya saya masa ragon suna, ya kai matarsa asibiti, daga baya ya ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Da yawa cikin manyan attajiran Maraɗi ta haka suka taso. Amma amana tana rayuwa ne muddin mai ita yana raye kuma kasuwa na tafiya. Ranar da aka rufe iyaka, kamar yadda Nijeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka kuma sake bayan juyin mulkin Yuli 2023, ko ranar da maigida ya rasu magada suka zauna rabon gado, yaron da ya yi shekara ashirin a shago ba shi da abin nunawa. Kuma takarda ku ma kariya ce gare ku. Ɗan kasuwar da ke biyan albashi a kan lokaci amma ba ya rubutawa, idan yaro ya yi masa sharri ya ce wata goma ba a biya shi ba, shi kotu za ta tambaya shaida. Littafi guda na ƴan dala, a rubuta suna, da ranar fara aiki, da abin da aka biya kowane wata, yaro ya sa hannu, ya wadatar. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, saboda haka rubutu ba rashin yarda ba ne.

Ku kuma ƴan'uwana ma'aikatan gwamnati, gaskiya ne dokar ƙwadago ba ita ke hukunta ku ba, kuna da taku dokar ta aikin gwamnati, kuma rigimarku da hukuma wata hanya daban take bi. Amma da zarar kun koma gida ku ne iyayen gida. Waɗanda suka ga shekarun 1990 ba su manta da bashin albashi na wata da watanni ba, da karyewar darajar sefa a Janairu 1994, da yaje-yajen aikin da USTN ta jagoranta. Wanda ya ɗanɗani wannan bai kamata ya riƙe wa mai gadinsa ko ƴar aikinsa kuɗin wata uku ba, yana cewa ai ƴan gida ne. Mu tambayi kanmu nawa muke biyansu, mu auna da jika 42 da doka ta ƙayyade.

Kawuna dai na yi masa lissafin, na rubuta masa a takarda, na ce mu je Maraɗi wurin sufeto. Ya karɓa ya ninke ya sa a aljihu. Ya ce: "Ɗana, mutumin nan shi ya yi wa ƴata kayan ɗaki. Da wane ido zan dube shi a gaban hukuma?" Na ce: "Kawu, zuwa wurin sufeto sulhu ne, ba ɗauri ba ne, kuma abin da za a tambaye shi haƙƙinka ne, ba kyauta ba." Muka tsaya a kan zai fara aika dattijo guda da takardar lissafin, in Alhaji ya biya, shi ke nan, zumunci ya tsira. In ya ƙi, bayan kwana talatin mu kama hanyar Maraɗi. Kafin nan na sa shi ya tattaro duk wata tsohuwar takardar hanya da ke cikin jakarsa, ya kuma rubuta sunayen mutum uku na tasha da za su iya shaida.

Abin da ya biyo baya zan sanar da ku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.